Muryar mijina tana cikin waya, ina tsoron kunna data

Anti, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki. Maigidana, Allah ya jiƙansa, gyaran keken ɗinki ne sana'arsa. Ta nan ma muka haɗu. Kekena ya riƙa tsinka zare, na yi ta kai masa yana ƙin gyaruwa, sai bayan aure ya ce da gangan yake barin ƙusa ɗaya a kwance don in dawo. Bara wani saurayi mai ɗaukar bidiyon masu sana'a ya je shagonsa ya yi masa bidiyo, ya ɗora a tasharsa ta intanet. A ciki yana warware kan wani keke, yana bayani, yana goge baƙin mai a gaban rigarsa, abin da kullum muke faɗa a kai. Har da dariyar nan tasa mai ƙarewa da tari. Mutum ne da ko hoto ba ya so, balle saƙon murya. In ka cire wannan bidiyon, ba ni da muryarsa ko'ina a duniya.

Bayan rasuwarsa na danna wurin saukewa a cikin manhajar da ake kallon bidiyon, na ɗauka shi ke nan ya zama nawa. 'Yarmu ƙarama ce, ba ta yarda a sa mata takalmin makaranta sai an kunna mata Abba. Ashe aro aka ba ni! Ƙanena ne ya duba ta wayarsa ya ga saurayin ya rufe tashar gaba ɗaya. Ya ce in na kuskura wayata ta hau intanet, manhajar za ta gane, ta share shi. Nan take na kashe data. Sai kuma ya dawo ya ce in an daɗe ba a hau ba, nan ma da kanta za ta kulle shi. To ina zan sa kaina?

Masu kawo ɗinki ta waya suke turo mini salo, yanzu sun ɗauka wulaƙanci nake musu, wata har ta zo ta kwashe yadinta. Ƙanen nawa ya ce akwai mai gyaran waya da zai iya zaƙulo bidiyon, amma yana iya lalacewa a hannunsa. Yayan marigayi kuma, mutum mai tsantseni, ya ce saurayin ya rubuta a ƙarƙashin kowane bidiyo cewa bai yafe wa wanda ya kwafa ba, kada in ɗauki haƙƙin wani da sunan mamaci. Wallahi maganar nan ta dame ni. Mijina ne fa, Anti! Fuskarsa ce, rigar ma ni na ɗinka ta. Kullum da safe sai na danna bidiyon. Ban san ranar da zai ƙi buɗewa ba, ban kuma san me zan ce wa yarinyar nan ba.

Taki,
Tela mai kasasshiyar data

Ƙanwata, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙurin rashi. Share hawayenki, akwai aiki, kuma yau za ki yi shi.

Ƙanenki ya yi gaskiya, yawanci abin da aka sauke a cikin irin manhajojin nan izinin kallo ne, ba mallaka ba. Yayan mijinki ma bai yi kuskure ba, saurayin ya kashe lokacinsa da kayan aikinsa, yana da haƙƙi. Ni ba lauya ba ce, dokar kwafi kuma kowace ƙasa da tata. Amma a ganina masu kwashe aikin mutum su ci riba da shi yake wa gargaɗi, ba marainiya mai son jin babanta ba.

Kada ki ba mai gyaran waya. Ki ari wayar ƙanenki, ki rufe taga, ki kashe fanka, ki jingina taki da filo, ki kunna bidiyon ki ɗauke shi da kyamara tun daga farko har ƙarshe. Hoton ba zai fita tas ba, amma murya da tarin nan za su fita. Ki adana a wuri biyu, kada ki ɗora shi ko'ina.

Sannan ki nemi saurayin ta wajen maƙwabtan shagon, ki tafi da yayan mijinki don hankalinsa ya kwanta. Ki gaya masa abin da kika yi, ki nemi yafiyarsa, ki roƙi asalin bidiyon. Masu wannan aiki sukan ɗauki fiye da abin da suke ɗorawa. Ba na miki alkawari, yana iya cewa ya goge.

Da kin gama ɗauka, ki kunna datarki ki ba masu ɗinki haƙuri. Labarin ƙusar nan kuwa ba ya cikin kowane bidiyo, a bakinki kaɗai yake. Gobe in kin durƙusa sa wa 'yarki takalmi, ki fara ba ta shi. Allah ya raya miki ita, ya sanyaya zuciyarki.