Da Hannuna Na Ɓare Takardun Gwangwanayen

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karanta wannan shafi. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma kafin kowa ya zage ni ya daure ya kai ƙarshen wasiƙar, don duk abin da za ku faɗa mini na riga na faɗa wa kaina. Sati uku ke nan ban zauna wuri ɗaya ba, in ɗauki tsintsiya in ajiye, in ɗora tukunya in manta ban sa gishiri ba.

A Asata muke zaune a Inugu. Maigidana, wanda zan kira Alhaji, ɗan kasuwa ne tun kafin yaƙin basasa. Da muka dawo bayan an yi sulhu, ko ƙofar rumfarsa bai tarar ba. Shekara huɗu yana tallan albasa a Kasuwar Artisan, mutumin da a da yake sauke mota guda. Sai bana da ayyuka suka buɗe, wani kamfanin yin hanya ya kwaso leburori daga Arewa ya kai su daji, nesa da kasuwa, aka ba Alhaji kwangilar haɗa musu ƙunshin abinci duk bayan sati biyu. Helumansu, wato shugaban leburorin, wani dattijo da zan kira Malam Iliya, shi ya tsaya masa, don Alhaji ya dafa ƙirji a ƙofar masallaci bayan Juma'a ya ce duk abin da ya fito daga sitonsa halal ne, matarsa ta yi sakandare, ita take duba komai.

Ni nake haɗa ƙunshin a ɗakin da muka mayar sito. Kowane mutum mudu biyu na shinkafa, mudun garin kwaki, kwalbar man gyaɗa, kwalin sukari, ganyen shayi, madara, ashana, sandar sabulu da gwangwanin kifi biyu. Sabulun nakan naɗe shi daban a tsohuwar jarida don kada ƙamshinsa ya shiga sukari, ashana kuma a leda saboda ruwan saman garin nan. Nakan ƙara ɗan ƙullin yaji na kaina, kyauta, don ina tuna ’ya’yan wasu ne, iyayensu mata na can suna tunanin me suke ci. Kowane buhu da bisimilla nake ɗaure bakinsa.

Ranar da abin ya faru kifin gwangwani ya yanke a kasuwa. Alhaji ya je Anacha ya dawo da katan-katan na naman gwangwani, yana ta murna. Ya ce, “Malama, yau yaranki za su ci nama. Na shanu ne, mai kayan ya rantse mini.” Malama yake ce mini in yana cikin nishaɗi. Ni kuma don sauri ban duba ba, na yi ta zubawa ɗai-ɗai a madadin kifin nan biyu. Sai da na ɗaure buhu ya fi hamsin, wani gwangwani ya faɗo ya gangara wajen ƙafata, na ɗauka, idona ya sauka a kan ƙananan rubutun da ke bayansa. Naman shanu ne gauraye da na alade. Na karanta sau uku. Na fita bakin famfo na wanke hannuna har da ƙasa.

To a nan ne na yi abin da ya hana ni sukuni. Motar kamfani ta riga ta tsaya a ƙofar gida, direba yana ta danna oda yana ihu, “Madam, make una quick, road far!” wai mu yi sauri hanya da nisa. Alhaji yana waje da sabuwar hularsa yana gaisawa da maƙwabta, rabon da in ga ya miƙe kafaɗa haka tun kafin mu gudu. In fita in ce masa me? A gaban mutane in ce ka sayo alade? Na koma sito na kwance buhunan ɗaya bayan ɗaya. Wallahi da niyyar cire gwangwanayen na kwance. Amma in na cire ƙunshi bai cika ba, akawun kamfani yana dubawa, an ce in ya sami giɓi sau ɗaya an soke kwangilar. Sai na ga hannuna yana ɓare takardun da ke jikinsu. Na ɓare duka, har na sauran katan-katan ɗin, na cusa a murhu. Da Alhaji ya leƙo ya ce, “Ina rigunansu?” na ce ruwa ne ya taɓa su a mota. Ya ce, “Allah ya yi miki albarka.” Ko bisimilla ban iya yi ba da nake sake ɗaurewa.

Na san wanda ya ci bai sani ba babu laifi a kansa, an koya mana. Ni fa da na sani? Na yi istigfari, na yi azumi uku, na ce in ya wuce ya wuce. Shekaranjiya sai ga Malam Iliya ya shigo gari, ya yi sallama, ya tsaya daga bayan labule muka gaisa. Ya ce, “Hajiya, yara sun ce in yi miki godiya. Naman nan kuwa! Akwai wani Bala, har gwangwanin ya lashe, muka ce to saura ka haɗiye murfin.” Ya yi dariya, ni ma na yi, Allah ya yafe mini. Sannan ya ce, “Ni kin san ba na cin abin gwangwani a ƙasar nan, shekara ashirin ban taɓa ba. Amma na ce musu wanda ya fito daga hannun Hajiya ko ido rufe a ci. Ranar Alhamis da shi na sha ruwa.” Ya ajiye mini doya biyu ya tafi. Har yanzu suna nan inda ya ajiye su, na kasa taɓawa.

Ba zan iya zuwa wajen limaminmu ba, aminin Alhaji ne, tare suke cin tuwo. In na gaya wa Alhaji, na san shi, ba zai ɓoye ba, zai je ƙofar masallacin nan da ya dafa ƙirji ya faɗa da bakinsa, daga nan wa zai ƙara sayen ko albasa a hannunsa? Kuma da wane ido zai dube ni, shi da ya yi kuskure don bai iya karatu ba, ni kuwa na iya na ƙone shaidar? In kuma na yi shiru, katan shida na nan a sito tsirara, ba wanda zai iya gane abin da ke ciki sai ni. Da motar ta sake zuwa wancan karon, na ce kifi ya samu, a fara ƙarar da shi. Yanzu ba ni da sauran dabara, don jiya Alhaji ya ce, “Malama, wannan karon sa musu bibbiyu, tunda suna so. Na Malam Iliya ki sa uku.”

Na auna shinkafa, na naɗe sabulu, buhuna suna nan a jere bakinsu a buɗe, motar kuma ranar Asabar za ta zo. Don Allah iyayena da ’yan’uwana, me zan yi?