Inda Baba Ke Jingina

Dogon Dutsi, farkon Sha'aban

Zuwa ga yayana Abdussalamu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Afra'u da yara, da fatan zafin Yamai ya zo muku da sauƙi. Mu nan lafiya lau.

Baba ya daina sauraron tafsiri. Na rubuto ne maimakon saƙon murya, don ka san gidanmu, kowa na jin abin da kowa ya faɗa.

Ƙananan bafal ɗin da ka aiko, wato lasifikokin rediyo, sun iso, an ɗora su kan kanta yadda ka ce, daidai kunnen wanda ke zaune a kujera. Gaskiyarka, muryarsu ta fi tsabta, har numfashin mai karatu ana ji. Inna ta fi kowa murna. Ka san yadda take ƙorafin tsoffin dogayen nan biyu da ke tsaye a ƙasa: sun tare mata kusurwa, kyankyasai sun yi gida a bayansu, duk damina sai an ɗaga su kan bulo. Ranar nan ta ba Rabilu, ɗan Kawu na Kieshe, ya ɗaure su a bayan babur ya tafi.

Baba ya yi godiya, ya sa maka albarka. Amma yanzu sai ya zauna kaɗan, ya dubi kantar, ya tashi tun malam bai rufe karatu ba. Jiya abokinsa Ɗanmalam ya tare ni a ƙofar gida, ya ce: "Zalihatu, mi ya samu Alhaji? Da shi ka warware muna abin da malam ya faɗi, yanzu ba ya da magana sai haka ne, haka ne." Ka san wannan zaman na dakali da abokansa shi ya rage wa Baba tun da ya bar aiki, ga azumi na ƙaratowa.

Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Zalihatu

Dogon Dutsi, tsakiyar Sha'aban

Yaya Abdussalamu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, da fatan tarin Mus'ab ya lafa. Inna na gaishe ku.

Kunnen Baba ne. Ya yi nauyi fiye da yadda muke zato, kuma da alama an daɗe.

Ka tuna zamansa. Bai taɓa hawa kujera don sauraro ba. Tabarma yake shimfiɗawa a gindin dogon bafal, ya jingina bayansa, ya kwantar da kai jikin katakon. Duk mun ɗauka ciwon baya ne. Da abin ya faɗo mini a rai, na tsaya bayansa na kira shi da muryata ta kullum. Bai waiwayo ba. Da na zagayo gabansa, sai na lura bakina yake kallo.

Na tambaye shi kai tsaye. Sai ya yi dariya: "Ɗiyar nan, waɗancan har cikin ƙashi nike jinsu. Waɗannan kuwa da masu kujera suke magana." Ya roƙe ni kada in gaya maka, wai ka yi ɗawainiya, kada ranka ya ɓaci. Na gaya masa ba zan iya ɓoye maka ba.

Ba ka yi kuskure a kan murya ba, Yaya. Ka auna ɗakin daga inda kai kake zama, ni ma haka na auna shi. Na gwada sauko da ƙananan kusa da tabarmarsa, amma ba su da jikin da mutum zai jingina.

Da Inna ta ji, sai ta ce a dawo mata da kayan kyankyasanta, ta share kusurwar da kanta. Batun ganin likitan kunne kuwa, Baba ya ce sai bayan salla, kuma ina ganin kai kaɗai za ka iya sauko da shi.

Na kira Rabilu. Ya ce ya ba wani abokinsa aron su don biki a Sukukutane. Wata mata da ta je bikin ta ce sun ƙone tun kafin a kai amarya. Rabilu ya ce bai ji haka ba, zai bincika ranar kasuwa.

Allah ya ƙara zumunci.

Ƙanwarka,
Zalihatu