Ƙorafi Kan Ƙararrawar Hazo Da Aka Rataya A Sansanin Halsoog

Gesche Okkens,
Gidan marigayi Okke Harms,
Layin Masu Ɗinkin Taru,
Tsibirin Halsoog.
9 ga Maris, 1908.

Zuwa ga:
Mai Girma Manjo Janar Henrik Aldenau,
Babban Sufeton Rundunar Gaɓar Teku,
Daular Tekun Arewa,
Bremen.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘARARRAWAR MASHIGIN HALSOOG DA RUNDUNA TA BAKWAI TA ƊAUKE, DA RAYUKA UKU DA AKA RASA

Bayan gaisuwa mai yawa da biyayya ga Sarkin Daula Aldrik na Uku, Allah ya ja zamaninsa, ina neman izinin gabatar da kukana. Shekaruna goma sha bakwai, ina taimaka wa malamin makarantarmu wajen koyar da karatu. Ban taɓa rubuta wa hukuma ba. Tsarin wasiƙar nan ma daga wani littafin Fasto na koya, don haka in an ga kuskure a yi mini afuwa, a ɗora shi a kaina ni kaɗai, ban da mahaifiyata.

1. Ranar 4 ga Oktoba, 1907, sojojin Runduna ta Bakwai ƙarƙashin Kyaftin Rasmus Thorup suka zo da Dokar Tara Tagulla, wadda ta ce a karɓi ƙararrawar kowace coci a narke ta a yi igwa saboda yaƙin Burgundiya. Mun ba da ta cocinmu ba tare da gardama ba. Sai suka wuce bakin mashigi, inda jiragenmu ke shigowa daga teku, ta gabas, suka sauke wata kuma. Ranka ya daɗe, wannan ba ta coci ba ce. Ƙararrawar hazo ce, mu Goggo Marike muke ce mata. Ba a kaɗa ta don biki ko mutuwa, sai in hazo ya rufe teku, domin masunta su bi muryarta su shigo gida. Kawu Fokko, dattijon da ke kaɗa ta tun kafin a haife ni, ya rungume ginshiƙinta yana cewa, "'Ya'yana, ku ɗauki tukwanen gidana, ku bar Goggo." Aka ɓamɓare hannunsa aka ture shi cikin laka.

2. Ba a kai ta Bremen ba, ba a kuma narke ta ba. Ƙararrawar ɗakin girkin sansani ta tsage, sai Kyaftin ya sa aka rataya tamu a can, ana kiran sojoji cin abinci da ita. Sansanin yana yamma, a kan tudu, kuma a ƙarƙashinsa ne duwatsun ruwan nan suke da muke kira Haƙora.

3. Ranar 21 ga Oktoba dattawanmu suka je suka yi bayanin hatsarin da ke ciki, ni na bi su don in rubuta abin da aka ce. Ba mu ga Kyaftin ba. Saje Dietz ya tare mu a ƙofa, ya dubi takardata ya ce, "Ke Malama mai tabarau, in ubanki bai san hanyar gidansu ba, ki zana masa a allo mana." Sojojin da ke gadi suka yi dariya. Muka juyo gida. Na rubuta wannan ne don a san an sanar da sansani tun kafin abin ya faru.

4. Ranar 13 ga Nuwamba jiragenmu suka fita da safe, gari garau. Kafin tsakar rana hazo ya sauko, har mutum ba ya ganin ƙarshen jirgin da yake ciki. Kawu Fokko ya tsaya a bakin mashigi yana dukan tukunya da guduma, amma ƙarar tukunya ba ta zuwa ko'ina a kan ruwa. Da tsakar rana ta yi, aka kaɗa Goggo a sansani, abinci ya nuna.

Yayana Ubbo yana cikin jirgin mahaifinmu, shi kaɗai ya tsira, kuma daga bakinsa na ji sauran. Ya ce sun daɗe suna yawo ba su san gabas ba, sanyi ya kama su. Da Baba ya ji muryar sai ya yi dariya ya ce, "Ka ji tsohuwa tana kira. Juya, yaro, yau uwarka miyar wake ta yi." Baba ya san an ɗauke ta, yana cikin waɗanda suka je ƙofar sansani. Amma shekara talatin yana bin muryar nan zuwa gida. Ubbo ya ce sai da suka ji ruwa yana dukan dutse sannan suka tuna. Jirgin ya fashe a kan Haƙora.

Waɗanda suka rasu su ne Okke Harms, mahaifina, da Tamme Eden, da ɗansa Hauke, wanda saura mako biyu ya yi aure. Allah ya jiƙansu. Ba a ga gawar Baba ba har yau.

5. Rahoton da sansani ya liƙa a ƙofar coci ya ce "sakacin masunta" ne. Ina roƙon a gafarta mini, ba ni da ikon musanta rahoton Runduna, amma kalmar nan ba gaskiya ba ce. Da Fasto ya koma ya roƙi Kyaftin a daina kaɗawa ranar hazo kawai, amsar da ya samu ita ce sojan Daula ba ya cin abinci da agogon masunta.

6. Har yau ana kaɗa ta safe da rana da yamma. Muna jinta daga gida. Mahaifiyata takan ajiye abin da ke hannunta ta je ta tsaya a taga. Hazon bazara yana farawa cikin wannan wata, ya kuwa fi na kaka yawa. Masuntan tsibiran da ke maƙwabtaka da mu suna zuwa kamun kifi a wannan lokaci, su ma sun san muryar Goggo, kuma yawancinsu ba su ji an matsar da ita ba. Ubbo zai koma teku ranar 20 ga wata a jirgin wani, domin ba mu da wata sana'a. Ya ce zai toshe kunnensa da kakin zuma. Amma ba shi ne zai riƙe akalar jirgin ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙo cikin ladabi a ba da umarni kafin ranar 20 ga Maris a mayar da ƙararrawar bakin mashigi, mu mutanen gari za mu ɗauko ta da kanmu, kuma maƙerinmu ya yarda zai gyara ta sansani. In doka ba ta yarda da haka ba, to a bi dokar: a kai ta Bremen a narke ta a yi igwar. Na tambayi matan layinmu da dattawa, har da Kawu Fokko, duk sun amince. Shi da kansa ya ce in rubuta haka. In kuma duk wannan zai ɗauki lokaci, a sa soja ɗaya ya hau ya cire ƙarfen da ke bugawa a cikinta, ta yi shiru kafin yayana ya fita.

Allah ya ƙara wa mai girma lafiya, ya ba Daula nasara.

Ni ce mai biyayya,

Gesche Okkens,
'yar marigayi Okke Harms.