Kwaɗo a Layin Ƙadangaru

Ya sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ya sarkin masu cewa ba komai,

"Ki je mana, ni ba komai." Haka ka ce jiya da na gaya maka an ɗauke ni aikin ƙirgar tsuntsaye a bakin tafki, shekara biyu. Kana tsaye a ɗakinmu na ajiyar dabbobi, kana goge kwalaben da muke adana matattun dabbobi a ciki, ko ɗagowa ba ka yi ba.

Ka san darasin da nake koya wa 'yan shekarar farko, tunda ta bango kake jiyo ni daga ajinka. Saniya ɗaya, baƙi uku. Kaska tana shan jininta, saniya na cutuwa. Carki yana cire mata kaskar, kowa ya amfana, ko da yake wani lokaci yakan tsokali gyambo. Ita kuwa balbela bin sawu take yi tana tsintar farar da kofato ya tayar. Ta ƙoshi, saniya ba ta ma san an yi ba. Ɗalibai sun fi son balbela, wai fara ce tas, ba ta cutar kowa. Ni tun jiya nake jin tausayinta.

To wace ce ni a wurinka, rabin raina? Duk tsawon zaman nan balbela ce? Shayin da muke sha a kofi ɗaya saboda ka fasa naka, da ranar da macijin aji ya kuɓuce muka hau teburi tare kana ce mini kada in ji tsoro, muryarka na rawa, duk tsintar fara nake yi a bayanka? Wallahi gara a ce kaska ce ni! Ita dai in an cire ta, wurin yakan yi ƙaiƙayi.

Sai dai ido sana'ata ce, kuma na gani. Kai da ka taɓa mayar da ɗalibi baya saboda ya kira kwaɗo ɗan'uwan ƙadangare, kai da kake cewa wannan fata laushi, wancan ɓawo, wannan ƙwai a ruwa, wancan a tudu, jiya kana gama faɗin ba komai ka ɗauki kwalbar kwaɗo ka dangwarar da ita tsakiyar ƙadangaru. Har ka juya takardar sunan ta fuskanci bango. Kai, masoyina! Bakinka ya iya ƙarya, hannunka bai iya ba.

Ban ce ka hana ni tafiya ba. Zan tafi, ko ka kwanta a gaban mota. Abin da nake roƙo ƙarami ne: ka buɗe baki ka ce akwai komai. Ba zan iya zaman shekara biyu cikin sauro ina riƙe da shaidar kwalba kaɗai ba.

Kwaɗon yana nan inda ka sa shi, ban gyara ba. In ka mayar da shi wurinsa ka yi shiru, na ji amsa. In ka bar shi, ka same ni a tasha gobe da safe, kafin mota ta cika.

Na kashe fanka, na sa maka mabuɗi ƙarƙashin ƙoƙon kan birin nan na ɗakin ajiya. Yanzu zan ja ƙofar. Ka san sai an ɗaga ta kaɗan take rufuwa, yau ni kaɗai zan ɗaga.

Taka, a ruwa ko a tudu,
Malamar ajin kusa da naka