Hannun Dama

Litinin, 3 ga Fabrairu

Da hagu nake rubutun nan, shi ya sa ya zama kamar tonon kaza. Likita ya ce in riƙa motsa hagun tun yanzu. Bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Yau aka kwance bandeji. Babban yatsa da manuniya sun ƙanƙance, sun yi baƙi. Maman yara ta kalla, ta ce ai da sauƙi, ta fita wai za ta duba tukunya. Babu komai a kan murhu.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Mai gidan burodin da nake yi wa aikin wuta ranar da abin ya faru ya zo dubiya. Ya yi ta rantsuwa bai san ina bayan allon wuta ba lokacin da ya sa aka tayar da janareta. Na faɗa masa kafin in fara, na faɗa wa mai gadi, har kwalin gargaɗi na rataye a jikin injin. Ya ce ƙullu ne ya kusa lalacewa, hankalinsa ya tashi. Na ce ba komai, Allah ya kiyaye gaba. Bakina ne ya faɗa.

Abin da nake tunawa: filaya ta manne a tafina, haƙorana sun datse, ina jin ƙaurin nama ban san nawa ba ne. Dogo, abokin aikina, shi ya make ni da katako na faɗo daga tsani.

Talata, 11 ga Fabrairu

Maɓallin riga ya gagare ni.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Inna ta zo ta wuni. Tun ranar da na fara koyon aikin nan ba ta son sunansa. In aka ce mata ina ɗanki mai wuta, sai ta ce a'uzubillahi, ɗanta na aljanna ne, a ce mai gyaran fitila. Abokai kuwa don su tsokane ta suke kirana Ɗanwuta a ƙofar gida. A da, dariya muke yi. Yau ta riƙe hannun tana tofa addu'a, ta ce dama ta san abin da ba a gani ba a wasa da shi. Ta sa na yi mata alkawarin na bari har abada. Na yi. Ba wuya, tunda hannun ya riga ni yin alkawarin.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Dogo ya biyo da yamma, duk jikinsa ƙurar siminti. Ya karɓi benen da muka fara tare. Yana ba ni labari yana satar kallon hannuna: sun gama fasa bango, sun binne bututu, gobe za su ja waya kafin masu filasta su rufe. Ya tambaye ni kaurin wayar da zan sa wa layin kicin, wai ya manta. Bai manta ba. Tausayi ne, kuma ya fi zagi ciwo.

Bayan ya tafi na zauna ina lissafa gidajen da na yi wa waya a garin nan. Mutane sun ɗauka aikinmu canza ƙwan fitila ne. Ba su san abin da ke cikin bango ba: wace waya za ta ɗauki firji, wacce za ta ɗauki dutsen guga, ina za a saukar da ta ƙasa don kada wuta ta ja yaro a banɗaki. In ka yi daidai, babu mai tuna ka. Shekara da shekaru ina alfahari da hakan. Yanzu ga shi, babu mai tuna ni ɗin.

Laraba, 5 ga Maris

Gashin hannu a asibiti. Ma'aikaciyar ta ba ni ƙwallon roba in matsa. Ya faɗi, ya gangara ƙarƙashin gado. Ta ce a hankali, baba. Baba.

Juma'a, 14 ga Maris

Na fara zama a shagon Yaya. Bokiti, roba, tsintsiya. Ya kyauta min, na sani. Wata mata ta shigo ta tsaya tana kallona, ta ce ba kai ne mai gyaran wutar nan ba, wanda ya yi mana ta makaranta? Kafin in buɗe baki Yaya ya ce: “Da can, Hajiya.”

Na yi ta juya maganar har muka tashi. Mai gyaran wuta, wato wanda yake gyara ta. In ya daina fa? Mai shayi in ya bar shayi, sunan ya tafi da tukunyar. To ni wane ne yanzu, mai bokiti?

Fitilar shagon tana ta ƙyaftawa. Na san abin da ke damunta. Na juya mata baya.

Alhamis, 20 ga Maris

Ba hannun kaɗai ba ne. Wannan ban faɗa wa kowa ba. Ko makunnin ɗaki zan taɓa, sai na ji gumi ya karyo min. Da gwiwar hannu nake kunnawa, in babu mai kallo.

Litinin, 24 ga Maris

Babu abin rubutawa.

Talata, 1 ga Afrilu

Na dawo da azahar na tarar da maman yara a tsugune gaban soket. Keken ɗinkinta ne yake riƙe da gidan tun da na kwanta, ga kayan makarantar mutane jibge ana jira. Filogin ya ƙone. Ta yanke shi da wuƙar kicin, ta fere wayoyin, tana ƙoƙarin cusa su tsirara da tsinken ashana. Ƙafarta ba takalmi, ƙasa da danshi don ta yi shara da ruwa.

Ban san na yi tsawa ba sai da na ga ashanar ta watse.

Ta ce, idonta jawur: “To ya zan yi, baban yara? In kira wani ya shigo gidanka ya gyara maka filogi?”

Na je na kashe babban makunni. Da tafin hagu, ba da gwiwa ba, sai daga baya na lura. Na cire filogin tsohuwar rediyo, na ce ta zauna. Ni na riƙe, ita ta murɗa sukundireba. Na ce wannan nan, waccan can, ta ƙasa a sama, kada gashin waya ko ɗaya ya leƙo. Sau biyu na sa ta kwance. Ta ce ashe haka nake da fitina a wurin aiki, Allah ya ba Dogo lada.

Keken ya tashi. Na shiga banɗaki na daɗe.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Hannun yana nan yadda yake. Likita ya ce manuniyar ba za ta dawo ba, babban yatsan wataƙila.

Maman yara da surutu, har ta faɗa wa matar maƙwabci. Ta aiko wai fankarsu tana ƙara kuma tana warin ƙuna, ga jariri a ɗakin. Na ce su kashe ta, kada su sake kunnawa, zan leƙo da safe.

Dubawa kawai na ce. Kada dai Inna ta ji.