Maganin da Inna Ta Kawo Mini

Talata, 12 ga Maris, 1985. Birnin Kebbi.

Yau na raka Baban Hadiza asibiti, bayan wata biyu ina roƙonsa. Likita ya danna cikinsa, ya duba idanunsa da suka yi ɗorawa, ya ce giya ta ci masa hanta. Kumburin nonuwansa ma daga nan ne, haka rashin ƙarfin da ya sa shekara biyu ke nan bai kusance ni ba. Na tambaya ko zai warke in ya bari. Likita ya ce, "Ya bari tukuna, sannan mu gani."

Ni kuwa duk zatona ya daina so na ne.

A ƙofar gida ya ce mini: "Don Allah, kada Inna ta ji."

Muna shiga muka tarar mahaifiyar tasa ta iso daga Argungu, da busasshen kifi da ƙullin saiwoyi. Ta ja ni ɗaki ta ce, "Ɗiyata, Hadiza shekara shida ba ƙane. Ki riƙa shan wanga sahe da marece, mahaihwarki ce ta yi sanyi."

Na karɓa na yi godiya. Ta tsaya kaina har na dafa na shanye, shi yana zaune kan tabarma, ya sunkuyar da kai.

Bayan magariba ya ce zai je ya dawo. Na san inda ya nufa. Maganin Inna na kwana arba'in ne, gobe da safe zan sha na biyu.