Jirgi Ya Kai Jidda, Kai Ba Ka Kai Yekuwa Ba

Zuwa ga sanyin idona, ruwan randar bazarata, inuwar gawon gonarmu, Mushe Rabilu, malamin boko na lakwal ɗin Magarya, sarkin masu cewa "ina nan tafe". Gaisuwa mai ɗumi, da ɗan yaji a bakinta.

Masoyina, ka tuna ranar kasuwar Guci, da muka tsaya gindin tsamiya, jirgi ya ratsa sama yana jan farin zare? Ka gyara murya irin ta aji, ka ce daga Yamai zuwa Jidda wajen kilomita dubu huɗu ne, amma wannan tsuntsun ƙarfe zai cinye su tsakanin hantsi da la'asar. Na saki baki har ƙuda ya faɗa mini fura. Wallahi ranar na ƙara son ka!

To, Malam mai ilimi, ga lissafin da ya gagare ni. Gwaggo Ƙande ta je umara. Ta hau jirgin nan, ta ƙetare teku, ta dawo, har dabinon tsarabarta ya ƙare. Kai kuwa daga Magarya zuwa Yekuwa, tafiyar da mai kabu-kabu ke yi bai ji ƙishirwa ba, tun shuka kake hanya ga shi an ɗaure gero! Teku aka haƙa tsakaninmu ban ji labari ba? Ko moton naka biza yake jira? Tsohuwa mai sanda ta riga ka, haba Rabilu!

Ina dariya, amma zuciyata suya take. Kullum na ji ƙarar moto sai in leƙa ta zana kamar maras kunya, in ga mai sayar da kifi ne. Ina kewarka, kewar da ke hana ni cin tuwo da daɗi.

Yanzu buɗe kunne. Baba ya gama sussukar wake, ya ɗaure jakarsa ta ci-rani, Ikko ya nufa. Ka san shi, in ya tsallaka iyaka sai ruwan fari. In manyanka ba su zo neman aurena yana gida ba, mun sake asarar shekara, kuma ni ba gyaɗa ba ce da za a ajiye a buhu.

Don haka na yi abin da na yi, Allah ya yafe mini. Na ɗauke kartinsa na ɗan ƙasa. Kwana da kwanaki yana birkita ɗaki, ya zargi ɓera, ya zargi akuya, ni kuwa ina taya shi nema har da salati. Amma jiya ya ce in Juma'a ta wuce zai je meri, ofishin magajin gari, a yi masa sabo, daga nan ba ni da sauran dabara.

Ka taho kafin Juma'a, kai da kawunka, ko a moto, ko a amalanke, ko da rarrafe. In kun gama gaisuwa, ka ce ka ji labarin ɓatan, ka roƙi izinin taya nema. Ka duba ƙarƙashin akumarin jaki da ke rataye a zaure. Kai za ka tsinto shi, Baba ya sa maka albarka da bakinsa, sai mu ga yadda zai hana ka 'yarsa.

Taka, yau da gobe, har ranar da haƙora za su zube,
Zalika, ɓarauniya saboda kai.